Ɗaukewar al'ada da rashin barci: wa maganin homon ke yi wa aiki, wa kuma ba ya yi wa

Mace mai shekara arba'in da takwas ko hamsin idan ta ce barci ya ƙaurace mata, a Damagaram akan ce tunani ne ya yi mata yawa, ko a haɗa ta da saiwa, ko a aiki yaro ya sayo mata ƙwayar diyazefam wajen mai tallar magani a tire. Da wuya a samu wanda zai tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Alhali tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da yawancin mata ke daina haila, rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke damunsu. Binciken SWAN na Amurka ya tambayi mata fiye da 12,000 masu shekara 40 zuwa 55, ya tarar kashi 38 cikin 100 na kukan barci, kuma kukan ya fi yawa a shekarun da al'ada ke rikicewa gab da ɗaukewarta.

Akwai maganin asibiti da ke mayar wa jiki homon ɗin da ya ragu, wato sinadarin da jikin mace ke sarrafawa don tafiyar da al'ada, wanda likitocinmu ke rubutawa THM a takarda. Yana gyara barci ƙwarai, amma ga matan da tasowar zafi da gumin dare ke tayarwa. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan batu a 2017 ya nuna haka: masu zafi da gumi barcinsu ya gyaru, waɗanda ba su da su kuwa ba a ga wata fa'ida tabbatacciya ba. Saboda haka aikin farko, kuma mafi wuya a garinmu, shi ne gane abin da ke tayar da matar. Idan aka yi kuskure a nan, za ta yi ta kashe kuɗi tana ɗaukar kasadar magani, barcin kuma bai dawo ba.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke lura da ɗumin jiki. Yana da iyaka ta sama, wadda idan jiki ya wuce ta sai gumi ya karyo, da iyaka ta ƙasa, wadda idan aka sauka ƙarƙashinta sai kakkarwa ta fara. Robert Freedman na jami'ar Wayne State a Ditiroit ya auna tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu: kimanin digiri 0.4 ce ga matan da ba su da matsala, ga masu tasowar zafi kuwa ta kusa shafewa gaba ɗaya. Raguwar istrojin, babban homon ɗin mata, ce ke jawo haka, domin tana sakin wasu ƙwayoyin jijiya a wannan sashe su yi ta aiki ba birki. Daga nan ɗan ɗumin da bai kai ya kawo ba ya isa ya sa jijiyoyin jinin fata su buɗe, zuciya ta ƙara bugu, zafi ya taso daga ƙirji ya hau wuya da fuska, gumi ya jiƙa zane. Minti ɗaya zuwa biyar abin ke ɗauka, sannan sanyi ya biyo baya. Wata takan fuskanci haka sau biyu a dare, wata sau shida ko fiye. Kuma ba abin wata uku ba ne: a SWAN matsakaicin tsawonsa shekara 7.4 ne, ga baƙaƙen fatar Amurka kuwa ya haura shekara 10.

Freedman ya kuma lura cewa a rabin farko na dare ne zafin ke riga farkawa, wato shi ke tayar da mace, kuma sanyaya ɗakin gwaji zuwa digiri 18 ya rage shi. A rabin ƙarshe, lokacin da barcin mafarki ya fi yawa, jiki kan sassauta lura da ɗumi, zafin ba ya cika zama sanadi. Wannan na da amfani wajen tambaya. Matar da ke farkawa jiƙe sharkaf tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu ta fi kama da mai matsalar homon. Wadda ke farkawa ƙarfe uku kullum, jikinta a bushe, zuciyarta cike da saƙe-saƙe har kiran assalatu, sai a duba ta ta wani gefen.

To amma digiri 18 a Damagaram sai cikin hunturu. A Afrilu da Mayu rana na haura 40, ɗakin kwano da na siminti na riƙe zafin har asuba, kuran kuma ya ɗauke fanka ta tsaya. Kowa gumi yake yi, daga jariri har tsoho. Ta yaya za a bambance? Ungozomar da ta san aikinta ba za ta tsaya a kan "kina jin zafi?" ba. Za ta ce: "Hajiya, zafin nan a hankali yake zuwa ko farat ɗaya? Daga ina yake farawa? Idan ya wuce kina neman mayafi? A watan sanyi, lokacin da kowa ke ƙudundune, ya taɓa sa ki yaye bargo?" Wadda ta ce a cikin Disamba ma takan tashi ta canja riga alhali jikarta da ke kwance kusa da ita na rawar ɗari, ta riga ta ba da amsa. Hanya mafi inganci ita ce a bi darare goma sha huɗu ana lissafi. Wadda ba ta rubutu ta ajiye kwano a gefen shimfiɗa: duk farkawa da gumi ta jefa ƙwayar wake, duk farkawar da ba gumi ta jefa gujiya, da safe ɗiyarta ta ƙirga ta rubuta tare da lokacin kwanciya da na tashi da yawan shayin da aka sha. Abin da ke cikin kwanon nan ya fi gwajin jini faɗin gaskiya. Mace da ta wuce 45, al'adarta ta rikice, tana da tasowar zafi, ba ta buƙatar gwajin homon ɗin FSH kafin a gane halinta, domin a wannan tsakanin sakamakon na hawa da sauka daga mako zuwa mako.

Gumin dare ba na ɗaukewar al'ada kaɗai ba ne, kuma a nan ne gaggawa ke iya kashe mutum. Gumi tare da tari na sama da mako biyu, rama da zazzaɓin yamma, tarin fuka ake fara nema, a kai majina gwaji. Zazzaɓin cizon sauro, cutar sida, da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a dafa ba duk suna sa gumi. Mai bugun zuciya da rawar hannu da rama duk da tana cin abinci, a duba maƙogwaronta a auna homon ɗin tayirod. Mai tashi fitsari sau huɗu da ƙishirwa, a auna sukari. Akwai kuma ƙwayar desametazon da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, wadda ke hana barci, ta tayar da hawan jini da sukari, kuma da wuya mace ta ambace ta sai an tambaya kai tsaye.

Ko an tsallake waɗannan, akwai cututtukan barci na kansu da ke ƙaruwa a wannan shekaru. A 2007 Freedman da abokin aikinsa Roehrs sun kwantar da mata 102 masu kukan rashin barci a ɗakin gwaji, suka tarar kashi 53 cikin 100 na da ɗaukewar numfashi a barci, ko motsin ƙafa, ko duka biyun. Ta farko ita ce mai minshari mai ƙarfi, numfashinta ya tsaya ta farka kamar an shaƙe ta, ta tashi da ciwon kai ta wuni tana gyangyaɗi. Mata sukan ji kunyar a ce suna minshari, don haka gara a tambayi wadda suke kwana ɗaki ɗaya. Ta biyu ita ce mai jin wani abu na yawo cikin ƙwabrinta da zarar ta kwanta, ba ta samun sauƙi sai ta motsa ko ta tashi ta taka. Wannan na da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, abin da ba baƙo ba ne ga wadda ta haihu takwas ko goma sannan ta shekara biyu tana zubar da jini mai yawa kafin al'ada ta ɗauke. Idan gwajin feritin, mai auna ajiyar ƙarfe a jiki, ya nuna ƙasa da 75, ƙwayar ƙarin jini ce maganinta. Istrojin ba ya buɗe maƙogwaron da ke toshewa, ba ya cike ƙarfen da ya ƙare.

Sai goro da shayi. Goro na ɗauke da kafeyin kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma jiki na ɗaukar wajen awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Wadda ta ci goro bayan la'asar ta ɗora kofi uku na shayi bayan magariba, da kafeyin a jini za ta kwanta. Shekara ashirin tana haka ba ta ga komai ba, shi ya sa ba ta yarda. Amma barcin shekara hamsin ya fi na talatin sauƙin tsinkewa.

Idan lissafi ya nuna zafin ne ke tayar da ita, kuma ya hana ta sakat, babu maganin da ya kai istrojin. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage yawan tasowar zafi da kimanin kashi 75 cikin 100. Akan fara jin sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu, cikakken amfaninsa kuwa sai wata uku, don haka ba a yanke masa hukunci kafin nan. Wanda aka fi so shi ne estradiyol, irin wanda jikin mace ke yi da kansa, kuma hanya uku ake ba da shi. Akwai ƙwaya ta miligiram 1 ko 2 a rana. Akwai filastar da ake mannawa a ƙasan cibiya ko a ɗuwawu, mai sakin maikrogiram 25, 50, 75 ko 100 a kwana, ana canja yawancinsu sau biyu a mako. Akwai kuma jel na shafawa, kamar Oestrodose, wanda matsa ɗaya ke ba da miligiram 0.75, akan fara da matsa ɗaya ko biyu a rana. Ƙa'ida ita ce a fara da kaɗan, a ƙara bayan wata ɗaya zuwa uku idan gumin bai lafa ba. Nono ya yi tauri yana ciwo, ga tashin zuciya da kumburin ciki, alama ce an yi yawa.

Bambancin sha da shafawa ba ƙarami ba ne. Ƙwayar da aka haɗiye sai ta bi ta hanta, hantar kuma ta ƙara sarrafa sinadaran da ke daskarar da jini, shi ya sa take kusan ninka haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu. Wanda ya shiga ta fata a ma'aunin da aka saba ba a ga yana ƙara wannan haɗari ba. Ga mai ƙiba, mai hawan jinin da aka shawo kansa, mai sukari, mai ciwon ɓarin kai ko tsakuwar matsarmama, ta fata ce hanya. Tsakanin filasta da jel kuwa, a yanayinmu jel ya fi. Filasta na ɓallewa da gumi da wanka sau biyu ko uku a rana, tana sa ƙaiƙayi a ƙarƙashinta, kuma idan gefenta ya ɗaga maganin ba ya shiga yadda ya kamata, sai a ga gumin dare ya dawo a kwana na uku a ɗauka ma'aunin ne ya yi kaɗan.

Jel ɗin ma yana da nasa ladabi. Ana shafa shi a fata mai tsabta, busasshiya, a baza shi da faɗi kamar tafin hannu biyu ko fiye, ba a murza shi da ƙarfi. Takardar maganin na cewa hannu ko cinya, amma ga mai alwala sau biyar cinya ta fi, ko kafaɗa da damtse, domin abin da aka shafa daga gwiwar hannu zuwa ƙasa zai bi ruwan alwala. Ba a shafa shi a nono ko a gaba. A bar shi minti biyar ya bushe kafin a ɗaura zane, kada ruwa ko man shafawa ya taɓa wurin har awa ɗaya, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki jika, don istrojin na iya shiga fatar yaro. Lokaci ɗaya za a tsayar kullum, misali bayan wankan dare. Kwalbar kuma a ajiye ta inda ya fi sanyi a ɗaki, nesa da taga.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne a ba mace mai mahaifa istrojin shi kaɗai. Istrojin na sa fatar cikin mahaifa ta yi ta kauri, idan ba abin da ke tsayar da ita, cikin shekaru tana iya rikiɗewa ta zama sankara. Wadda aka cire wa mahaifa ce kawai ke shan sa shi kaɗai. Sauran dole a haɗa musu da furojestaron, homon ɗin da ke hana fatar mahaifa yin kauri, kuma a nan ne masu rashin barci ke samun ƙarin riba. Furojestaron irin na jiki, wanda aka fi sani da Utrogestan, idan aka haɗiye shi hanta na mayar da wani kaso nasa zuwa sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa ta ƙofar da magungunan barci ke bi. Shi ya sa ake shan sa lokacin kwanciya, ba tare da abinci ba. Wadda ta sha shi da safe za ta wuni da jiri ta ce maganin bai karɓe ta ba. Idan aka sa shi ta gaba yana kare mahaifa amma ba ya kawo barcin. Didrojestaron, wato Duphaston, da robar mahaifa mai homon irin Mirena, wadda ke ba da kariya har shekara biyar, su ma suna kare mahaifa, sai dai ba su da wannan tasiri a kan barci.

Tsarin shan sa ya danganta da inda mace take. Wadda ba ta cika wata goma sha biyu da ganin jinin ƙarshe ba, miligiram 200 take sha kowane dare na kwana 12 zuwa 14 a wata, bayan ta gama sai ɗan jini ya zo kamar al'ada. Wadda ta cika shekara, miligiram 100 kowane dare ba hutu, kuma manufar ita ce kada ta ga jini sam, ko da yake ɗigo-ɗigo a wata uku zuwa shida na farko ba abin tsoro ba ne. Wajibi ne a faɗa wa mace wannan tun kafin ta fara. Wadda ta saba da tsarkinta, ba ta ƙara shan azumi ko barin salla, idan ta ga jini ba zato za ta watsar da maganin, ko mafi muni ta ajiye furojestaron ta ci gaba da jel. Jinin da ya ci gaba bayan wata shida, ko ya dawo bayan ya ɗauke, ko ya zo bayan kwanciyar aure, sai an yi ekografi, wato hoton ciki, an auna kaurin fatar mahaifa, a ɗebi ɗan nama a gwada idan ya wuce kima. A watan azumi tsarin bai canja ba tunda da dare ake sha, sai dai mai tashi sahur ko nafila awa uku bayan ta haɗiye shi ta zauna a bakin gado tukuna kafin ta miƙe.

Tsoron da ake yi wa wannan magani ya samo asali ne daga Yulin 2002, lokacin da aka tsayar da gwajin WHI a Amurka. Mata 16,608 ne a ciki, an ba rabinsu istrojin da ake samu daga fitsarin goɗiya haɗe da wani furojestaron wanda ba irin na jiki ba. A cikin kowace mata 10,000 a shekara an samu ƙarin sankarar nono 8, ciwon zuciya 7, shanyewar ɓarin jiki 8, gudan jini a huhu 8, an kuma samu ragin karayar ƙugu 5. Labarin ya zaga duniya, miliyoyin mata suka daina sha. Abin da bai zaga ba shi ne matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da daina haila. A ɗaya ɓangaren gwajin, na mata 10,739 da aka cire wa mahaifa aka ba su istrojin kaɗai, sankarar nono ba ta ƙaru ba. Da aka sake tace sakamakon bisa shekaru, aka tsaya a kan cewa ga mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfanin ya fi haɗarin idan alamun sun dame ta. Haɗarin nono dai yana nan, kuma yana ƙaruwa da tsawon sha. Wani babban nazari na 2019 ya ƙiyasta cewa shekara biyar ana sha daga shekara 50 na ƙara mace ɗaya cikin 50 ga masu haɗa istrojin da furojestaron kullum, ɗaya cikin 70 ga masu haɗin rabin wata, ɗaya cikin 200 ga masu istrojin kaɗai, idan aka bi su shekara ashirin. Binciken E3N na Faransa, mai mata kusan 80,000, ya nuna haɗarin ya fi sauƙi da furojestaron irin na jiki da didrojestaron.

Waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake yi wa mata hoton nono a kai a kai suka fito. A wurinmu sankarar nono takan iso asibiti ne bayan ta yi nisa, don haka bai kamata wani ya rubuta wannan magani bai duba nono da hammata da hannunsa ba, bai auna tansiyo ba, bai tambayi tarihin uwa da ƴan'uwa mata ba. Tansiyon da ya kai 14 bisa 9 ko fiye sai an saukar da shi tukuna. Wadda ta taɓa sankarar nono ko ta mahaifa, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko tana zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ko hantarta na ciwo a halin yanzu, ba a ba ta. Batun hanta ya cancanci gwaji, ganin yadda ciwon hanta nau'in B ya yaɗu a Nijar kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. Mai ƙari a mahaifa tana iya sha amma a riƙa bibiya, don yakan ƙara girma. Irin wannan tantancewa aikin likitan mata ne, a Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ko Babban Asibitin Zinder, ba aikin mai kanti ba.

Wasu abubuwa kan ɓata maganin ba a ankara ba. Rifamfisin na tarin fuka, da karbamazefin da fenobarbital na farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone homon da sauri, sai gumin ya dawo. Ƙwayar istrojin ta sha na rage saurin fitar kafeyin daga jiki, tana kuma iya sa mai shan maganin tayirod ta buƙaci ƙari. Maganin ba ya hana ɗaukar ciki: wadda ba ta kai 50 ba tana buƙatar kariya har shekara biyu bayan jinin ƙarshe, wadda ta wuce 50 shekara ɗaya. Ƙwayar tazarar haihuwa mai homon biyu kuma ba madadinsa ba ce ga mai shekara hamsin, domin istrojin ɗinta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan akwai yankewar kaya: kafin a fara, a tabbatar farmasin zai iya kawo jel da furojestaron duka biyun kowane wata, kuma aljihu zai iya. Wadda ke tashi da dare saboda fitsari da raɗaɗi da bushewar gaba, ba tare da gumi ba, man estriyol na sawa a gaba ya ishe ta, kowane dare na mako biyu zuwa uku sannan sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, ba ya buƙatar furojestaron.

Waɗanda ba za su iya shan homon ba suna da mafita. Gabafentin miligiram 300 lokacin kwanciya, a ƙara a hankali har 900 idan da hali, yana rage zafin kuma yana kawo barci, sai dai yana sa jiri. Benlafaksin miligiram 37.5 zuwa 75, ko esitalofram miligiram 10, suna rage zafin, sun kuma dace da mai damuwa; faroksetin ma haka, amma ba a haɗa shi da tamoksifen na masu sankarar nono. Fezolinetant, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana danne ƙwayoyin jijiyar nan na sashen ƙwaƙwalwa mai lura da ɗumi kai tsaye, amma yana da tsada kuma sai ana gwajin hanta. Diyazefam ɗin tire kuwa ba ya taɓa zafin ko kaɗan. Cikin ƴan makonni jiki ke sabawa da shi, yana tsananta ɗaukewar numfashi, yana kayar da mace a hanyar bayi a shekarun da ƙashi ya fara rauni.

Akan samu wadda gumin ya tsaya sarai amma barcin bai dawo ba. Wata da watanni tana kwance ido biyu sun koya wa ƙwaƙwalwarta cewa shimfiɗa wurin fargaba ne, kuma ƙara istrojin ba zai warware wannan ba. Abin da ke warwarewa horo ne, wanda wani gwaji na 2016 a kan mata 106 ya nuna yana aiki ko ta waya, zama shida cikin mako takwas. Ana farawa da tsayar da lokacin tashi, abin da sallar asuba ta riga ta yi mana. Sai a duba lissafin darare sha huɗun nan: idan awa biyar da rabi take barci a zahiri amma tana kwanciya tun bayan isha'i, to awa takwas take a shimfiɗa, biyu da rabi na juye-juye ne. Sai a mayar da kwanciyarta sha ɗaya da rabi, kada dai lokacin ya gaza awa biyar. Idan ta farka ta kai kamar minti ashirin ba barci, ta tashi ta zauna a tabarma da carbinta cikin duhu, ba waya, sai barci ya zo ta koma. Komawa barci bayan asuba a dakatar da shi, ƙailula kada ta wuce minti ashirin zuwa talatin, goro da shayi su tsaya daga azahar. Makon farko yana da wuya, za ta ce an ƙara mata ciwo. Idan ta fara cika kashi 85 cikin 100 na lokacin kwanciyar da barci, sai a riƙa ƙara minti 15 kowane mako. Zanen auduga mara nauyi, wani na canji a kusa, ruwan randa da tsumma mai laima a wuya, kwana a tsakar gida cikin gidan sauro lokacin bazara, duk suna taimakawa.

Bayan wata uku da fara homon a koma wajen likita, daga nan sau ɗaya a shekara: tansiyo, nono, nauyi, batun jini, da tambayar ko har yanzu ana buƙatarsa. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko shawara a ido, a dakatar nan take a tafi asibiti. Babu wata shekara da aka ƙayyade ta dainawa ga kowa. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin 45, balle kafin 40, ana so ta ci gaba har wajen shekara 51 saboda ƙashinta da zuciyarta, ko da barcinta ya daidaita. Ga sauran, kusan rabin masu dainawa zafin kan dawo musu, don haka gara a rage a hankali cikin wata biyu zuwa uku, daga matsa biyu zuwa ɗaya, furojestaron kuma ya ci gaba muddin ana shafa jel. A nan Damagaram lokacin gwada ragewar shi ne Nuwamba zuwa Janairu, domin idan aka fara a Afrilu ba wanda zai iya cewa gumin da ya dawo na homon ne ko na gari.